Awarwaron Hanya

Ranar Laraba da la'asar Muntaka ya zo zance wurin matar da ya saka. Ya zo da sabuwar hula, da ledar dabino, da turaren da ya riga shi shiga soro, kamar mutumin da bai taɓa ganin fuskarta da asuba ba.

Hamdiyya ta fito ne kawai don Goggo ta ce ta fito. Ba ta shimfiɗa masa tabarma ba. Ya tsaya yana jira, da ya ga jiran ba zai haifar da komai ba, ya ɗauko tabarmar da kansa daga inda ya san ana jingine ta.

"Lale, Hamdiyya."

"Lale."

"Kin rame."

"Hutu ne. Ba ka taɓa ganinsa a jikina ba, shi ya sa ba ka gane shi ba."

Ya yi dariya irin ta 'yan kasuwa, wadda ake yi kafin a faɗi farashi. Kayan gyaran babur da keke yake sayarwa a unguwar Mursal ta Njamena, kuma duk unguwar ta shaida ba a taɓa cin ribar ko dala a kansa ba.

Shekara shida suka yi da aure. Kafin azumin bara ya sake ta, saki ɗaya, saboda ta tambaye shi yaushe zai mayar mata da kuɗinta. Ya zauna yana jiran a zo a ba shi haƙuri. Idda ta cika, ba wanda ya zo. Sai da labari ya kai masa cewa wani direban babbar mota ɗan Maraɗi, Siraji, ya fara tsayawa a ƙofar gidan Goggo a unguwar Amrigebe, sannan soyayya ta taso wa Muntaka gaba ɗaya kamar ciwon haƙori.

"Ka kawo?" in ji Hamdiyya.

"Na kawo dabino."

"Abin da na zuba a filinka na Tukra nake tambaya. Ɗaki biyu, da rufin kwano, da rijiya."

"Kuɗinki na nan, ba wanda ya taɓa shi. Yana cikin bango, lafiyarsa ƙalau, ko ruwan sama ba ya dukansa. Ki dawo ki zauna a cikinsa."

"Ba zan dawo ba."

"To kalas, shi ke nan. Shiga ki faɗa wa Goggo inda kika samo kuɗin. Ga ta can tsakar gida. Ko in kira miki ita?"

Bai ɗaga murya ba. Ido kawai ya sauke kan hannunta, inda awarwaro huɗu suke ƙyalli, ya bar shi a wurin. Hamdiyya ta ja gyale ta rufe hannun, ta kuma tsani kanta da ta yi hakan a gabansa.

* * *

Asalin awarwaron nan ya girmi duk wanda ke gidan. Kakar Hamdiyya ce ta taso da su daga Haɗeja, a ƙasa, cikin ayarin masu zuwa Makka, tun garin nan ana ce masa Fort-Lamy. Naƙuda ta kama ta a bakin kogin Shari, aka ce a huta kwana biyu. Jaririyar da aka haifa a hutun nan ita ce Goggo, wadda yanzu ba ta da haƙori ko ɗaya a sama.

Har yau gidan bai yarda ya zauna ba. In baƙo ya tambayi Goggo ko su 'yan Njamena ne, sai ta ce, "A'a, kan hanya muke." Shi ya sa siminti bai taɓa shiga gidan ba, don a ganinta wanda zai tashi gobe ba shi da dalilin saye. Kowace damina katangar ƙasa ta zube, kowane rani a sake yaɓa ta. A cikinsu kuwa babu wanda ya taɓa yin gabas fiye da tashar mota.

Zinarin shi ne guzurin. An yi yunwa, ba a sayar ba. An yi yaƙi, aka tsallake kogi zuwa Kusiri da shi ɗaure a ƙugu, aka dawo da shi. Goggo ba ta haihu ba, ita ta riƙe Hamdiyya tun rasuwar ƙaninta, uban yarinyar. Ranar da za a kai ta ɗakin miji ta zura mata su da hannunta, ta ce, "Naki ne, halak malak. Amma ba na ci ba ne, ba na ado ba ne. Na hanya ne. Abin da ya gagare mu, ke ki ƙarasa."

A shekara ta uku da auren, Muntaka ya sayi fili a Tukra, can ƙetaren gada, inda gari ke ƙarewa gonaki su fara. Kuɗinsa ya ƙare wurin saye. Fili kuwa a can, in ba a ga gini a kansa ba, yakan wayi gari da mai shi na biyu, wani lokacin har da na uku. Muntaka ya zauna bakin gado ya yi kuka, da hawaye na gaske, ya rantse kafin shekara ta zagayo zai mayar. Shi ya kai awarwaron wurin maƙerin zinari, shi ya karɓo kuɗin, shi ya kuma kawo shawarar a ƙera wasu na tagulla a tsoma su a ruwan zinari, don kada hankalin tsohuwa ya tashi. Mutum ne mai tausayin tsofaffi.

Ita kuma ta yi abin da aka koya mata mace tagari tana yi, ta rufa wa miji asiri. Babu bikin da ta je ba ta ce "maigida ya yi gini a Tukra da guminsa" ba. Yanzu tana da shaidu gida-gida a Amrigebe, duk daga bakinta suka ji, duk kuma na Muntaka ne.

* * *

Da ta koma cikin gida ta tarar da Goggo na tsince shinkafa da yatsu, don idon ya daina taimaka mata.

"Har ya tafi? Ko ruwa kin ba shi?"

"Da ƙoshinsa ya zo."

"Zauna, Hamdiyya."

Ta zauna a bakin turmi.

"Yaron nan ɗan gida ne. Kakansa da uwata ayari ɗaya suka taso. Ya yi kuskure, ya dawo, kuma yana da ƙofar da za a kai ki. Shi wancan naki fa? Yau Maraɗi, gobe Allah kaɗai ya san ina. Ina ɗakinsa? A bayan mota za ki haihu?"

Hamdiyya ta dubi matar da ta shekara sittin tana cewa kan hanya take, ga ta yau tana ƙin mutum don yana kan hanya. Ta kawar da kai. A gidan nan ba a nuna wa babba irin wannan.

"Goggo, haƙƙina kawai nake so ya ba ni."

"Wane haƙƙi? Kin ce kuɗin ɗinkin hula ne. Hula nawa ke gina ɗaki? Ni ma na yi ɗinkin nan, 'yar nan, har ya cinye min ido. Da hula na kawo irin wannan kuɗin da tuni ina Makka. Ki daina ƙaga wa mutum bashi don kina son wani. Abin kunya ne."

"Ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ba. Na ce maganar ba ta zauna ba."

Hawaye suka cika mata ido, masu zafi, irin waɗanda ba sa neman rarrashi.

"Kukan na mene ne? Ba wanda zai ɗaura miki aure dole, ke ba yarinya ba ce. Amma Babanki Mijinyawa ya ce ba zai karɓi gaisuwar kowa ba sai an kashe maganar nan. Ranar Lahadi za mu Tukra, a zauna a can. Ki ga gidan da idonki, wataƙila zuciyarki ta sauko."

Baba Mijinyawa ɗan wan mahaifinsu Goggo ne, shi ne waliyyinta, kuma mutum ne da ya fi son sulhu da abinci, in dai akwai shayi a wurin. Hamdiyya ba ta buƙatar a faɗa mata wanda ya ba shi shawarar zama a Tukra. Ta ga tarkon sarai. Muddin ba ta faɗi gaskiya ba maganar ba za ta mutu ba, muddin kuma ba ta mutu ba babu wani aure sai na Muntaka. In ko ta faɗa, ga wadda za ta ji a zaune tana tsince shinkafa.

"Ki sa awarwaronki ranar," in ji Goggo. "Su tuna ba daga tsiya kika fito ba. Kawo hannun ma in ji su, na daɗe."

"Miyata na ƙonewa," in ji Hamdiyya, ta miƙe da sauri.

Shekara huɗu ke nan miya na ƙonewa duk lokacin da Goggo ta miƙo hannu.

* * *

Siraji ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Motarsa ba ta shiga lungun, sai ya ajiye ta a bakin titi ya tako, dogo, siriri, da tabon igiya a tafin hannu. Ta ba shi labarin zaman Lahadi a tsaye.

"Ki bar mishi," in ji shi, da Hausarsa ta Maraɗi. "Wallahi ki bar mishi. Ɗaki biyu ne da rijiya. Ki hwaɗi ko nawa ne, ni in biya ki. Tahiya uku ko huɗu, an gama."

"Ka biya ni."

"I."

"Kai ka ci?"

"A'a, amma..."

"To don me za ka biya? Shi ya ce in dawo in zauna cikin kuɗina, kai ka ce in zo in zauna cikin naka. Ku maza wane malami ne ya koya muku karatu, da duk allo ɗaya kuke biyawa?"

"Ni don ki huta na ce."

"Don ka huta ka ce! So kake a ɗaura kafin damina ta rufe maka hanya. Ka ba ni kuɗi in yi shiru, shi ya ci gaba da kwana a ƙarƙashin rufina, a ce Hamdiyya ta yi ƙarya ta gaji ta bari."

Fuskarsa ta canza. Ya cire hula, ya mayar.

"Hamdiyya, tun kahin salla nake tsayuwa ƙofar gidan nan kamar mai roƙo. Tsohuwar nan ko gaisuwata da hanci take amsawa. An ce da ni baƙo, an ce da ni mara ɗaki, ban yi ƙorahi ba. Amma kar ki mai da ni sakarai. Mace ba ta irin kukan nan a kan bulo da kwano. Mi kike ɓoye min?"

Ta yaye gyale, ta tura awarwaron sama da gwiwar hannu. A inda suke zama fatar ta yi zobe kore-kore.

Ya duba. Ya sake dubawa.

"Zinari ba ya haka."

"Ba ya yi."

"Goggo ta sani?"

"Da ta sani da ka ji ƙarar tun daga Maraɗi."

Sai kukan ya ƙwace mata. Ta faɗa masa komai, da kakar, da ayarin, da maƙerin, da hawayen Muntaka a bakin gado, tana yi tana goge ido da ƙarfi kamar idon ne ya yi mata laifin.

"Ba bulo ba ne, Siraji. Tafiyar kakata ce yake kwana a ƙarƙashinta yana minshari. Kuma ya san ba zan iya buɗe baki ba. Da tsorona ya yi wa gidan kwaɗo."

Siraji ba mai yawan magana ba ne, abin da ya sa ta fara kula shi ke nan bayan shekara shida da ɗan kasuwa.

"Mi kike so in yi?"

"Ka zo Tukra ranar Lahadi, motar ba kaya. Ka tsaya nesa. Ko zagin uwarka aka yi kada ka sa baki. Ka zo da guduma da ƙarfen cire ƙusa."

"Ƙusar mi?"

"In an saki mace, 'yan uwanta sukan je su kwaso mata kayanta. An kwaso min gado, an kwaso tukwane. Ba a gama ba."

* * *

Ranar Lahadi da hantsi ƙaramar bas ta sauke su uku a bakin hanyar Tukra, suka ƙarasa da ƙafa, Goggo na dafe da kafaɗar Baba Mijinyawa. Gabas ta yi duhu, hadarin farkon damina yana haɗuwa a hankali.

Muntaka ya share gidan har ƙasa ta yi zane. Ya sa an soya kaji biyu, ya shimfiɗa sabuwar tabarma a gindin dogon yaro, shayi na tafasa. Ɗakuna biyun na tsaye da bulo na siminti, kwanon sama yana ɗaukar ido. Can nesa, bayan wata gonar kuɓewa, wata babbar mota ta tsaya kamar ta lalace.

Baba Mijinyawa ya yi addu'a doguwa, ya kurɓi shayi, ya gyara zama.

"Hamdiyya, kin ce kina da kuɗi a ginin nan. Kina da shaida?"

"Babu, Baba."

"Takarda?"

"Tsakanin mata da miji, Baba?"

"To ai ka ji." Ya juya. "Kai fa?"

Muntaka ya sunkuyar da kai cikin ladabi. Ladabi na cikin kayan da yake da su da yawa a shago.

"Baba, ni ba na son tone-tone. Amma ku tambaye ta, me ta mallaka a duniya ban da awarwaron nan? Ga su kuwa a hannunta, huɗu cif. Da ta sayar da su sai a ce. Ni shekara shida muna tare ko taɓa su ban yi ba, don na san darajarsu. Ba ta da ko dala a ginin nan. Amma in ta dawo, duk nata ne."

Ya faɗi haka yana kallonta, har da ɗan murmushi. Ya tabbata ya san iyakarta, tunda shi ya shata ta.

"Muntaka."

Hamdiyya ce. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa a gaban manya ba. Baba Mijinyawa ya yi gyaran murya, Goggo ta ce, "Ke!"

"Ka ce zinari ne."

"Kowa ya sani."

"Sun kai kuɗin ɗaki biyu da rijiya?"

"Sun wuce. Tun da aka karya darajar sefa zinari ya ninka. Yau sai su sayi gidan nan har da na maƙwabci."

Ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kan tabarma a gabansa.

"Karɓi. Duka huɗun. Ka ba ni kuɗin ɗaki biyu da rijiya, sauran riba ce taka. Ga Baba shaida."

"Kin haukace?" Goggo ta yunƙura. "Guzurin uwata za ki..."

"Goggo, don girman Allah ki bari ya amsa."

Muntaka ya dubi awarwaron kamar an ajiye masa kunama.

"Ba zan karɓi kayan gado ba. Ina jin nauyin Goggo."

"To na rage. Kuɗin ɗaki ɗaya."

Bai motsa ba.

"Kuɗin rijiya kaɗai."

"Hamdiyya, wannan wane irin..."

"Kuɗin ƙofa. Kuɗin taga. Kuɗin kajin nan biyu da ka soya, Muntaka! Miƙo hannu ka ɗauka!"

Baba Mijinyawa ya ajiye kofin shayinsa, abin da ba ya yi sai da dalili.

"Muntaka, ni nan ka ƙi rage wa dala biyar a kan tayar keke, ina sa'an ubanka. Yau ana ba ka zinari a kuɗin kaza kana kallon sama?"

Iska ta kaɗa ganyen dogon yaro.

"Miƙo min su," in ji Goggo.

Muryarta ta sauka ƙasa sosai. Hamdiyya ta tattara su da hannu biyu ta zuba mata a tafi. Yau babu miyar da za ta ƙone.

Goggo ba ta duba su ba, idon ba zai faɗa mata komai ba. Ɗaga hannun kawai ta yi sau ɗaya, ta sauke. Wadda ta tsallake kogi da abu a ƙugu ba ta manta nauyinsa.

Ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba. Ta taka har jikin ɗakin, ta lalubi bango, ta ɗora awarwaro ɗaya a kan simintin ta goga da duk ƙarfinta. Ƙarar ta shiga haƙoran kowa. Da ta ɗaga, gefen ya koma ja, jan tagulla, ɗan ruwan zinarin kuwa ya tsaya a jikin bango, zane ɗaya siriri.

"Mijinyawa, wane launi ne?"

Baba Mijinyawa ya matso ya duba. "Ja ne, Yaya."

"Wa ya kai su?"

Hamdiyya ta durƙusa. "Ni na ba shi, Goggo. Da hannuna."

"Aro ne!" Muntaka ya zabura. "Goggo, aro ne, ita ta yarda, na ce zan mayar in kasuwa ta..."

"Aro," in ji Baba Mijinyawa. "Ɗazu ba ta da ko dala."

Muntaka ya rufe baki, amma kayan sun riga sun fita daga shago.

Goggo ba ta ko juya wurinsa ba. Kan Hamdiyya ta tsaya.

"Shekarar yunwa tafasa na ci ba gishiri, da zinarin nan a jikina. Uwata ta mutu tana tambaya ko ayari ya tashi. Na ba ki hanya, kin mai da ita katanga. Sannan shekara huɗu kina kaɗa min tagulla a kunne ina cewa alhamdu lillahi."

"Goggo, ki yafe ni. Tsoro na ji, wallahi tsoro..."

"Kada ki taɓa min ƙafa."

Hamdiyya ta janye hannunta. Ta san za a yi haka, ta kwana biyu tana shirya wa kanta, amma shirin bai rage komai ba.

Muntaka ya ga kamar ƙofa ta buɗe. "Goggo, ni zan biya. Abin da maƙeri ya ba ni, zan riƙa kawowa kaɗan-kaɗan, duk wata..."

Sai a lokacin Goggo ta juyo wurinsa.

"Takardar kuɗi ka karɓa a hannunta? Zinari ka karɓa. Zinari za ka mayar, nauyi da nauyi. Da bakinka ka ce ya ninka."

"Sai fa na sayar da rabin filin!"

"Sayar da duka, ka haɗa da hular."

Baba Mijinyawa ya yanke: kafin babbar salla, zinari huɗu a gabansa, a kan ma'auni. Muntaka ya ce to, da saurin mutumin da ya riga ya fara tunanin uzurin da zai kawo ranar.

Hamdiyya ta san wannan "to" ɗin. Ta taɓa jin sa a bakin gado. Ta miƙe, ta share fuska.

"Baba, wanda ya ce shekara ɗaya ya yi huɗu, ba a barinsa ba jingina. Rufin nan nawa ne. Zai kwana a gidanmu har ya kawo."

"Rufi? Ga hadari! Baba, ka ji ta? A ina aka taɓa..."

"A ina aka taɓa gina ɗaki da Makkar mutane?" in ji Goggo. "Da me za a ɗauka?"

Hamdiyya ta dubi wajen gonar kuɓewa. "Akwai mota, Goggo."

"Na ji ƙararta tun muna saukowa. Makanta gare ni, ba kurumta ba. Kira shi."

Siraji ya zo da guduma a hannu, ya rasa inda zai ɓoye ta, ya durƙusa da ita ya yi gaisuwa. Karo na farko Goggo ta amsa da baki.

"Hau ka cire. Ƙusa ɗaya kada ka bar masa."

Maƙwabta biyu da suka leƙo jin hayaniya suka kama masa ba tare da an roƙe su ba. A Tukra ma, ashe, Muntaka ya yi ciniki da mutane. Shi kuwa yana ta zagaye ɗakin yana kiran sunan hukuma, da kotu, da wani ɗan sanda da ya sani, Baba Mijinyawa na zaune yana ƙarasa kazar, tunda an riga an soya.

Da aka gama lodi, Siraji ya sauko yana goge gumi. Goggo na tsaye jikin motar, ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen kamar mai duba dabbar saye.

"Motar nan taka, gabas tana zuwa har ina?"

"Abeshe, Goggo. Wani lokaci har Adire, bakin iyakar Sudan."

"Daga can fa?"

"Daga can ma akwai hanya."

"Har yanzu tana nan?"

"Tana nan, Goggo."

Tsohuwar ta miƙa awarwaron tagullar gefe, inda ta san Hamdiyya take, ba tare da ta juya fuska ba.

"Sa su. Haka, da jan a waje, kowa ya gani. Ranar da na gaske suka dawo ki cire, ranar kuma ki yi min magana." Ta lalubi ƙofar motar. "Kai, kama ni in hau. Gaba zan zauna. Mijinyawa, ka matsa."

Ba wanda ya ce wa Hamdiyya ga wurinki. Ta kama ƙarfe ta hau baya, ta zauna a kan kwanon, zafinsa na ratsa zane. Motar ta tashi. Ɗigon farko ya faɗo mata a hannu, daidai kan zoben koren.

A baya ta hango Muntaka ya fito daga ɗaki mara rufi da katifa a ka, yana neman inda zai kai ta. Ta daɗe tana jiran ganin irin wannan, ta yi zaton zai fi haka daɗi.

Ta juya ta leƙa ta ɗan gilashin bayan direba. Bakin Goggo na ta motsi, tana tambaya, Siraji na amsawa yana nuni da hannu. Har suka hau gada, ko sau ɗaya tsohuwar ba ta waiwayo ba.